Malam Bube da Shafin da Aka Kankare

Kowace safiya, idan an idar da sallar asuba, Malam Bube yakan zauna bisa buzunsa har gari ya yi haske, sannan ya sha kunu, ya hau kekensa zuwa filin jirgin sama na Kaduna. In ban da mai gadi, ba wanda yake riga shi isa. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a jikin rumfar da ake gyaran jirage, mai taga ɗaya da tebur ɗaya da kabad na ƙarfe. Kafin ya taɓa kabad ɗin sai ya wanke hannu da sabulu ya goge sarai, domin a wurin nan kome mutum ya dafa sai ya ɗebo baƙin mai. Sa'an nan ya fito da littattafan, ya jera su, ya ajiye rula da alƙalami a dama, ya yi bisimilla.

Kowane jirgi littafi uku gare shi: na gangar jiki, na inji, da na farfela. Duk tashin da jirgi ya yi, matuƙi zai kawo 'yar takarda mai nuna lokacin da ya bar ƙasa da lokacin da ya sauka. Malam Bube zai fitar da awa da minti, ya haɗa da na jiya, ya shigar. Idan makaniki ya sauya bututun mai, ko ya ɗaure noti, ko ya ga tsatsa ya goge, sai an rubuta, wanda ya yi aikin ya sa hannu. Da wannan lissafi ake sanin ranar da inji ya cika awa hamsin, a tsayar da shi a duba, da ranar da za a sauke shi gaba ɗaya a buɗe cikinsa. Matuƙi ba ya ganin cikin inji. Littafin yake gani, kuma a kan abin da littafin ya ce yake ɗora ransa da na waɗanda ya ɗauka.

Shekara goma sha biyar ke nan yana wannan aiki, tun yana Kano kafin a mai da shi Kaduna. A watan jiya Baturen da ke shugabancin ofishin ya koma ƙasarsu, aka danƙa wa Malam Bube mabuɗin. Ban ji an faɗa a rediyo ba. Ni ce yayarsa, na girme shi da shekara biyu, ina koyarwa a makarantar 'yan mata a nan Tambuwal, kuma na ga ya wajaba a kaina in faɗa. Sai dai ba zan yaudari mai karatu ba: yabon nan daga bakin mai ƙyashi yake fitowa, kuma ƙyashin ya daɗe.

Mahaifinmu, Malam Na'iya, Allah ya jiƙansa, marubuci ne, yana kwafar littattafan addini da hannu. A gabansa muka koyi riƙon alƙalami mu biyu, kuma bai taɓa ɓoye cewa hannuna ya fi na Bube kyau ba. A lissafi ma ni ce a gaba. Amma ranar da aka zo makarantar Midil ta Sakkwato ana neman mai kyakkyawan rubutu da lissafi don aikin jirage, makarantar maza aka je. Ba wanda ya leƙo tamu. Aka ɗauki Bube. Na taya Inna murna, na soya masa nama na guzuri, na koma ɗaki na rufe ƙofa. Tun daga ranar, duk wasiƙar da ya aiko sai na duba rubutun kafin in duba saƙon. In ya ce ya ga gulbin Kaduna daga sama kamar zare, sai in lura cewa layinsa ya karkace.

Waɗanda suka yi aiki da shi ba su da wannan ciwo nawa, don haka shaidarsu ta fi tawa nauyi. Ɗan'iya, mutumin Sanyinna, makaniki ne a rumfar. Da ya zo gida hutun Sallah na tambaye shi halin ƙanena a wurin aiki, ina fatan in ji ɗan aibi ko da kaɗan ne. Ya yi dariya ya ce, "Malama, wanga ƙanen naki ai ciwon kai ne. Ran nan na sa sabon famfon mai ga inji, na kawo mishi takarda. Yac ce ina 'yar shaidar da ta taho ɗaure da famfon? Nac ce ta faɗi cikin shara. Wallahi sai da munka zazzage gangar shara mu ukku, shina tsaye da farar riga shina kallonmu. Da munka samo ta bai yarda ba sai da yad duƙa ƙarƙashin jirgin yag ga lambar da idonai." Na ce to ai sai ku ƙi shi. Ya ce, "Mu ƙi shi? Matuƙan nan in sunka ga hannun Malam Bube ga shafi, ko tambaya ba su yi. In ba shi nan kau, sai ka ga mutum shina zagaya jirgi kamar mai sayen jaki."

Kulu, matar Bube, ta ba ni wani labarin. Wata shekara iska ta yaye kwanon ofishin da tsakar rana, ruwa ya shigo. Kowa ya gudu neman mafaka, shi kuwa ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe littattafan a ciki, ya rungume su ya ratsa fili da 'yar shara. Ya iso gida yana rawar sanyi, ya kwana uku yana zazzaɓi, amma ko shafi ɗaya bai jiƙe ba. Na saurare ta, na ce madalla. A zuciyata na ce da ni ce da tun farko na sa an gyara kwanon.

Duk wannan sanannen abu ne a Kaduna. A Kebbe kuwa, garin mahaifiyarmu, wani suna ake kiransa da shi: wanda ya ɗaure jirgi tsuntsu ya cinye dawa. Shekara huɗu ke nan bai taka garin ba, kuma Kawu Sambo, ƙanen Inna, wanda ya yi masa yanka ranar saukar karatu, ba ya amsa gaisuwarsa ko a wasiƙa. Saboda wannan suna na ɗauki alƙalami.

Shekara guda bayan samun mulkin kai, a ƙarshen damina, tsuntsayen jan-baki suka sauka a ƙasar Kebbe. Wanda bai gan su ba ba zai gane ba. Sukan taso kamar hadari, su faɗa gona lokacin da dawa take nono, kafin a yi ihu a buga gwangwani sun bar kara tsaye. Aka kai kuka, aka turo ƙaramin jirgi mai feshi, wanda zai bi su inda suke kwana a cikin ƙayar bakin gulbi. Motar mai ba ta iya bin hanyar Kebbe a lokacin, saboda haka aka share wani fako a bayan Tambuwal ya zama wurin saukarsa. Mutum uku suka zo da shi: matuƙi, da wani Baturen makaniki da mutanen gari suka sa wa Dogo, da Bube riƙe da akwatin littattafai. Ya sauka a gidanmu, a ɗakin marigayi mahaifinmu.

Garin nan kaf ya fita kallo. Mata suka cika gidan Inna suna yi mata barka, ɗanta ya zo da jirgi. Kawu Sambo ya aiko da rago tun daga Kebbe. Ni ce na riƙa kai wa baƙi ruwa.

A rana ta uku na taso daga makaranta na biya in gai da Inna. An kira la'asar, Bube ya tafi masallaci ya bar littafin inji a buɗe bisa tabarma don tawada ta bushe. Na tsaya a bakin ƙofa, sannan na shiga. Karo na farko ke nan da na ga aikin da aka fifita shi a kaina dominsa. A tsakiyar shafin ya yi kuskuren haɗa awoyi, ya rubuta arba'in da ɗaya a maimakon arba'in da uku. Ya ja layi ɗaya a kai, kuskuren yana nan ana karanta shi ɓaro-ɓaro, ya rubuta daidai a sama, ya sa hannu a gefe da kwanan wata.

A gidanmu wannan abin kunya ne. Mahaifinmu ya koya mana cewa marubuci ba ya barin kuskurensa a idon jama'a. Za ka ɗauki aska ka kankare a hankali, ka hure, ka goge wurin da bayan ƙwayar wuri, irin kuɗin da, har takardar ta yi santsi, ka sake rubutawa yadda ba mai ganewa. Girmama rubutu ke nan a wurinmu. Askar tana nan cikin gafakarsa a rataye, ƙwayar wurin ma tana nan. Na kankare duka ukun, kuskuren da gyaran da sa hannun, na goge, na rubuta arba'in da uku da irin hannun Bube, sai dai ya fi nasa tsabta. Na gaya wa kaina taimako nake yi. Allah ya san ba taimako kaɗai ba ne. So nake ya buɗe ya ga wanda ya kamata a ɗauka.

Washegari da safe, kafin in fita makaranta, ya yi sallama a gidana da littafin a hammata. Ya buɗe shafin, ya ɗaga shi ga rana. Haske ya ratso wurin da takardar ta yi sirara, kamar ɗigon mai.

"Adda," in ji shi, domin haka yake kirana, "har yanzu hannunki ya ɗara nawa."

Na ce, "Gyara maka niy yi. Shafin ya yi muni."

"Na gani."

"Lambar daidai ce, kai ma ka sani. Ba wanda za shi gane."

Ya rufe littafin a hankali. "Ni na gane, Adda. Ga aikinmu kure ba a ɓoye shi, barinai akai kowa shi gani. In anka iya kankare wuri guda, wa za shi rantse ba a kankare wani ba? Mutumin nan da ka tashi da jirgin yau ɗiya biyu gare shi."

Na ce, "To sai ka ce musu ni ce."

Ya mai da littafin hammata. Ya ce in gai da maigidan, ya fita.

Abin da ya faru a fakon, Dogo da kansa ya ba maigidana labari daga baya. Bube ya miƙa littafin ya nuna wurin. Dogo ya duba ya duba bai ga kome ba sai da aka ɗaga masa ga rana. Ya tambayi wanda ya yi. Bube ya ce, littafin amanarsa ne, a hannunsa yake aka kankare shi, kuma shi ya bar shi a buɗe. Aka sake tambaya, ya sake faɗin haka. Bai yi ƙarya ba, bai kuma kira suna ba. Dokar aikin ba ta da sassauci: shafin da aka kankare ba a tashi da shi sai injiniya mai lasisi ya zo ya bi takardun matuƙi ɗaya bayan ɗaya, ya duba injin, ya sa hannu a sabon shafi. Aka buga waya Kaduna. Injiniyan yana wani lardi, ga gada ta karye a hanya. Kwana tara jirgin yana zaune an lulluɓe masa hanci da tamfol, awaki suna kwana a inuwar fiffikensa.

A kwana na shida Kawu Sambo ya iso, ƙafafunsa duk laka, riƙe da kan dawa guda wanda ba ko ƙwaya a jikinsa. A zauren gidanmu ya tarar da Bube. Ina cikin gida, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

"Kai Bube, jirgin ya lalace?"

"Lafiyarshi lau, Kawu."

"Mai ya ƙare? Ko matuƙin ba shi da lafiya?"

"A'a, Kawu. Takarda ce ta samu matsala."

"Takarda." Kawu ya jefa masa kan dawar a cinya. "To ga wagga, ka shigar da ita cikin littafin. Ka rubuta Sambo ya yi noma, ya yi maimai, tsuntsu ya girbe. Mu munka ce mun samu ɗa cikin gwamnati, ashe magatakardan tsuntsaye munka samu. Dogo yac ce da ka yi shiru ba mai sani. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Kawu."

"Wa yab ɓata takardar?"

"Hannuna take."

Kawu ya tashi. Ya ce, "In ka taho Kebbe, ka nemi wani masauki."

Ina tsaye da ƙwarya a hannu, taku uku ne zai kai ni zauren. Ban taka ba. Na ji tsoro, wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da ya fi tsoron muni, kuma shi na daɗe ina neman gafarar Allah a kai: wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi da aka sauke ɗan Inna mai jirgi ƙasa.

Injiniya ya zo ya bi lissafin, ya sami arba'in da uku daidai, ya buɗe injin bai ga aibi ba. Ina so a lura da wannan, domin na ji masu son Bube suna ƙara wa labarin gishiri, wai an tarar da tsaga a injin, wai ya ceci ran matuƙi. Ba a tarar da kome ba. Jirgin ya tashi ya yi feshi, gonakin da suka yi saura suka tsira, na Kawu da na maƙwabtansa kuwa an riga an gama da su. A shekarar sai da Kawu ya rabu da shanun nomansa kafin gidansa ya ga wata damina. Bube kuma aka rubuta masa takardar gargaɗi, aka jinkirta ƙarin girmansa shekara biyu. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Duk Sallah turmin atamfata yana isowa kamar yadda aka saba.

Kai ne, Bube, ka san lambar daidai ce, ka san shiru zai wadatar, ka san gonar wa ke bakin gulbi, amma ka ɗaga shafin ga rana. Kai ne aka zaga a zauren ubanka kana riƙe da sunan mai laifi a bakinka, ka haɗiye. Na yi shekaru ina ƙyashin kekenka da albarkar tafiye-tafiyenka da gulbin da ka gani daga sama. Yanzu na san ba su ne abin ƙyashi ba. Abin da nake ƙyashi shi ne yadda kake ɗaga hannu ka yi kabbara ba tare da wani shafi yana motsi a ƙirjinka ba. Malamai sun bambanta hassada, wadda take son ni'ima ta gushe daga mai ita, da burin mutum ya sami irin alherin ɗan'uwansa. Na ɗanɗani ta farkon, na san ɗacinta. Ina roƙon Allah ya tsayar da ni a kan na biyun. Da ni aka ɗauka a shekarar nan, da littattafan Jihar Arewa sun fi haka kyan gani, kuma da ba wanda ya isa ya amince da su.

Ranar Juma'ar da ta wuce na nemi izinin maigidana na tafi Kebbe. Na tarar da Kawu Sambo a gindin ɗorawar ƙofar gidansa yana tufkar igiya. Ya tsufa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa kome, tun daga askar har zuwa katangar da na laɓe a bayanta. Bai daina tufka ba har na gama.

"Ke kiy yi, Rabi?"

"Ni ce, Kawu."

"Shi kau ya san ke ce?"

"Tun ranar."

Ya ajiye igiyar. "Shekara fuɗu nika zaginai. Ga kasuwa na zage shi, ga masallaci na ƙi ambaton sunanai. Wasiƙunai suna nan cikin tukunya ban sa an karanta min ba." Ya dubi gona. "Har yau ban gane takardar da ta fi dawa ba, kuma ba ni ganewa har in mutu. Amma yaron da anka yi ma haka bai tona 'yar'uwatai ba, wannan na gane shi."

Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

"Ki rubuta mishi, tunda ke ce mai kyan hannu. Ki ce shi taho in an yi girbi, ɗakinai na nan. Ke kau ki dakata tukuna. Zuciyata tsohuwa ce, ba ta ɗaukar biyu lokaci guda."

Na ce na ji. Matarsa ta ba ni fura na sha a tsaye, na juyo.

Saboda haka, jama'ar Kebbe da ta Tambuwal, ga gaskiyar magana a rubuce da sunana, ni Rabi'atu 'yar Malam Na'iya: ba Bube ne ya ɓata shafin ba, shi dai ya ƙi ɓoye shi. Wanda yake da sauran zagi ya san ƙofar da zai kawo shi. Ku kuma samarin da ake ɗiba yanzu ana danƙa muku ofisoshin da Turawa suke bari, da ɗalibaina mata waɗanda nake fatan wata rana za a leƙo makarantarsu, ku dubi wannan mutum. Ku bar kuskurenku inda za a gan shi, ku sa hannu a gefensa, ko da gonar kawunku ce a bakin gulbi.

Na gode, Malam Bube, mai amanar littafi. Allah ya yi wa idonka da hannunka albarka, ya saukar da duk jirgin da ka sa wa hannu lafiya. Na aika maka da saƙon Kawu, amsarka ta iso jiya, layi uku, na biyun a karkace. Ka ce za ka zo bayan girbi, za ka kwana biyu a Kebbe. Za a shimfiɗa maka tabarma a gindin ɗorawa, a kawo tuwon sabuwar dawa, Kawu ya tsakuro maka nama da hannunsa. Ni ina nan Tambuwal ina jiran a kira ni. Wannan ma ina ƙyashinsa, kuma ka cancance shi.